Faifan da Ɗan Farina Ya Bari

Salamu alaikum mutanen Karantina, duk inda Allah ya watsa ku. Ni ce Saudatu, Hajiya Saude ta bayan masallacin layinmu, matar marigayi Malam Othman tela. 'Yata Rahma ce take rubuta muku wannan a waya, ni ina faɗa, don kun san ban yi karatun rubutu ba, sai ɗan abin da nake sallah da shi. An ce mini a wannan zauren naku na waya, duk wanda ya rasu a cikinmu tun da aka rushe unguwa, nasa sukan ba da labarinsa don kada ya ɓace. To ga nawa.

Ɗan farina ne. Sunansa ba zai fito daga bakina ba, bai taɓa fitowa ba. Rahma, sa shi da hannunki. Abdulghaffar. To, ta sa. Ni Babba nake ce masa, shi kuma Hajiya yake ce mini, kamar yadda kowa a layi yake faɗa.

Yaran da aka haifa yanzu suna mamakin wannan. Mu haka muka taras. Kakata ce ta zo da al'adar a ka tun daga ƙasar Kano, da ƙafa, ta Sudan, ta sauke ta a nan ƙasar Makka, a Karantina, tare da tukwanenta. Uwa ba ta kiran ɗan fari da suna. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta zama tana hira da shi, in ya faɗi ba ita ce mai ɗaga shi ba. Uwata ce ta goya shi, ni dai nono. Rahma da ta zo daga baya na rungume ta, na yi mata kitso, na zage ta son raina. Shi kuwa tsakanina da shi abinci ne. Ka ci? Na ci. Shi ke nan hirarmu, shekara hamsin da wani abu.

Yaro ne mai hannu. Tun yana ƙarami in rediyon babansa ta yi shiru, kafin a dawo daga masallaci ya zazzage mata hanji a kan tabarma, ya sha duka, washegari kuma ta yi magana. Makaranta bai yi nisa ba, takardu suka tare shi kamar yadda suka tare yaranmu da yawa, an haife ka a nan, an haifi uwarka a nan, amma kana yawo da iƙama, takardar izinin zaman baƙo, a aljihu. Sai ya shiga shagon wani mai gyaran mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, da firij, a can ya koya, a can ya tsufa. Ban san gida nawa ne a Karantina bai hau bangonsa ba. Ku kun fi ni sani. In zafi ya taso, tun da safe za ka ji ana sallama a ƙofarmu, mata da yara, wai mukayyif ɗinsu yana zubar da ruwa, wai nasu iska kawai yake hurawa. Ba ya musu, ba ya surutu. Ya ɗauki jakarsa ya bi su. Kullum yana warin ƙarfe da gas. Ya yi aure sau ɗaya, zama bai yiwu ba, suka rabu lafiya, Allah bai ba su haihuwa ba, ya dawo ɗakinsa na da, wanda yake jikin kicin ɗina. Katako ne kawai tsakaninmu.

Abin da ba kowa ya sani ba shi ne faifan.

Yana saurayi, gemu bai gama fito masa ba, ya je Haraj, kasuwar gwanjo, neman tsofaffin injina, ya dawo da wani akwati na kunna faifai, mai allura, ya mutu murus. Don ya gyara ya sayar ya sayo shi. Da ya buɗe murfin sai ya taras da faifai biyu a ciki, baƙaƙe, kowanne ya kai faranti, cikin wani kwali mai buɗewa biyu. A jikin kwalin an zana wani mutum a kwalekwale, ƙarƙashinsa ruwa, cikin ruwan kuma rufin gidaje. Ya gyara akwatin, ya ɗora faifan don ya gwada. Bai sayar ba har ya mutu.

Kiɗan Turawa ne, na da. Ba irin na biki ba, ba a rawa da shi. Babansa da ya ji ya ce, "Wannan kuma wane irin kuka ne?" Ya so ya hana. Da ya ga yaron ba ya shan komai, ba ya yawon banza, sallah ba ta wuce shi, sai ya kafa doka: ba kiɗa a gidana ranar Juma'a, ba kiɗa daga an kira magariba. Babba ya ce to. Malam ya rasu, dokar ba ta rasu ba, ni na riƙe ta.

Shi ma yana da tasa dokar. Wai faifan nan ba a fara shi daga tsakiya, ba a tsallake komai. Na taɓa ji yana gaya wa Rahma, tana yarinya, ta ce ya sa mata wajen da gangar take da daɗi. Ya ce, "Ba waƙoƙi ba ne, ke. Labari ɗaya ne. Kin taɓa ganin an fara labari daga gindi?" Faifai biyu, kowanne gefe biyu, gefe huɗu ke nan, sai an bi su a jere.

To ga yadda yinin yake. Ya dawo aiki la'asar ta yi sanyi, ya yi wanka, ya ci abin da na ajiye masa a bakin ƙofa, ya rufe ɗaki. Ni ina kicin. Sai in ji gum, gum, ta cikin katako. Ina wanke shinkafa yana gefe na ɗaya. In na ji shiru kaɗan, na san yana juyawa, lokacin ɗora miya ya yi. Gefe na uku kuwa da shi nake tashi in yi alwala. Ban taɓa duba agogo ba. Yana cikin na ukun nan ladan zai ɗaga murya, ni kuma in ɗauki muciya in buga katakon. Nan take sai shiru. In ji ya buɗe ƙofa, ya ja takalmi, ya tafi masallaci. Gobe kuma daga farko.

Ban so kiɗan ba. Ina jan carbi, ina neman tsari, shi kuma yana shiga kunnena ko ina so ko ba na so. Gangar ma ba ta tafiya daidai, kamar mai ɗingishi, ka sa ran ta sauka nan sai ta sauka can. Har na wayi gari in ina daka, hannuna yana bin ɗingishin nan. Na yi istigfari, na ci gaba da daka.

Sau ɗaya ya taɓa yi mini maganarsa. Bayan rabuwarsa da matarsa ne. Ya tsaya a ƙofar kicin, bai shigo ba, yana kallon ƙasa.

"Hajiya."

"Na'am."

"Da za ki zo ki zauna ki ji ƙarshensa, ko sau ɗaya."

Na ce, "Ni? A ɗakinka? Wanda nake ji daga nan ma ya ishe ni. Ka ci abinci?"

Ya yi 'yar dariya ya ce ya ci. Bai sake ba.

Sauran kun sani, tare muka gani. Aka zo aka yi jan rubutu a bangaye. Ban iya karatu ba amma wannan kowa ya karanta shi. Aka yanke wuta, aka yanke ruwa. Makon nan Babba bai zauna ba, yana bi gida gida yana cire wa mutane mukayyif daga bango kafin motocin rusau su iso. Namu ne na ƙarshe da ya cire. Ranar da muka tashi, kayanmu duka a bayan mota, shi yana gaba da akwatin faifan a kan cinya, ya rungume shi. Ƙanena Abdulmohsen, wanda kuka sani da ladanci, ya leƙa ta taga ya ce, "Kai, mutane suna ɗaukar uwayensu, kai ka ɗauki garmaho." Babba ya ce, "Kawu, ita ai tana da ƙafa." Aka yi dariya. Ni ban yi ba, ban kuma yi kuka ba. Ina jin daga ranar ne abin ya fara. Na waiwaya na ga ƙofata a buɗe, na ce a raina an bar ƙofa a buɗe, shi ke nan abin da na ji.

Ni na dawo nan unguwar Safa wajen Rahma da mijinta, hawa na uku, gida mai kyau, ba abin da na rasa. Bangon nan siminti ne, ko maƙwabci ya mutu ba ka ji. Babba kuwa ya kama ɗaki a bayan shagonsu. Yakan zo ranar Juma'a, ya gaishe ni daga bakin ƙofa, ya duba mukayyif ɗin ɗakina ko da lafiyarsa lau, ya ci abinci, ya tafi. Da yamma sai in rasa lokacin ɗora miya. Sau nawa Rahma tana dawowa aiki ta taras ban ɗora komai ba.

Bara da zafi, ya hau rufin wani gida yana aiki. Ya sauko, ya zauna a kan matakala, ya ce da abokin aikinsa ya ba shi ruwa. Kafin a kawo ruwan Allah ya karɓi abinsa. Zuciya ce, in ji likita. Ina ninke kaya Rahma ta shigo tana ihu. Na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, na ƙarasa ninke zanen da yake hannuna, na ɗauki na gaba.

Waɗanda kuka zo gaisuwa, na gode, Allah ya ba da lada. Na ji kuna cewa Hajiya Saude akwai tawakkali. Wasu suka ce kunyar ɗan fari ce, har a mutuwa ba ta nuna ba. Ni dai ban sani ba. Kun san ƙafar da aka daɗe zaune a kanta, ka taɓa ta ka ji kamar ta wani? Haka nake, har yau da nake muku magana.

Bayan an share makoki aka kwaso kayansa. Ba su da yawa. Riguna muka bayar sadaka, kayan aikinsa muka bar wa abokan aikinsa, katifa da firij aka kai wa wata mata mai marayu. Kowane abu aka ɗaga sai a ce Allah ya kai ladan kabarinsa. Aka bar kwali ɗaya a tsakar falo, akwatin nan da faifan.

Abdulmohsen ya dube shi ya dube ni.

"Yaya, wannan ba a sadaka da shi."

Na ce na sani.

"Ba a kuma ajiye shi. Abin da mamaci ya bari yana aiki, yana binsa. Rigar nan duk wanda ya sa ya yi sallah, yana da rabo. Wannan kuma duk wanda ya kunna ya saurara, shi ma yana da rabo. Kina so yana kwance ana aika masa?"

"Ba na so."

Rahma ta ce, "Haba Kawu, malamai ma ba bakinsu ɗaya ba a kan kiɗa. Yanzu har a Kurnish, can bakin teku, ake yi da lasifika."

Ya ce, "Kurnish daban, kabari daban. Ke za ki shiga ki amsa masa?" Ya juyo gare ni. "Ran Juma'a in an sauko zan zo in ɗauka, in farfasa, in zuba a bola. Halas, an gama."

Kada wani ya ce ƙanena mugu ne. Shi ya yi wa Babba huɗuba a kunne ranar da aka haife shi, shi ya shiga kabari ya karɓe shi. Tsoro yake ji masa, ni ma ina ji. Ban san hukuncin ba, ni ba malama ba ce. In har akwai ko ƙwayar zunubi da za ta bi ɗana ta hanyar abin nan, gara a farfasa. Amma kuma na duba gidan nan kaf, ba abin da ya rage nasa. Gidan da ya girma babu, katakon babu, layin ma an ce ko mai shi ba zai gane wurin ba. Hirarsa ba ni da ita da zan tuna. Gum gum ɗin nan kawai nake da shi.

Na ce da Rahma ta kira mini Munzali.

Munzali ɗan Zariya ne, kwangila ce ta kawo shi, yana aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti. Yadda suka haɗu, Babba ya je gyara masa mukayyif, yana aiki yana bin kiɗan faifan nan da fito, sai Munzali ya fito daga wanka da tawul ya ce, kai, a ina ka san wannan? Ashe babansa malamin jami'a ne, yana da irin faifan tun suna yara. Daga nan suka ƙulla. Shi ya fassara wa Babba kalmomin, bayan ya yi shekaru yana jin labarin da kunne kawai da hoton kwali.

Ya zo ranar Alhamis bayan azahar, don kada la'asar ta riske mu. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya haɗa wayoyin akwatin, ya goge faifan da gefen rigarsa a hankali kamar mai share wa jinjiri fuska.

Na ce, "Tsaya. Ba kai za ka ɗora ba."

"Mama, allurar tana da laushi fa."

"Ni zan ɗora." Na ɗaga hannu na ce, ya Allah ka gani, shi bai sa ba, bai sani ba, yana wajenka. Ni na sa, ni na ɗora. In akwai abin rubutawa a rubuta mini. Rahma ta riƙe mini wuyan hannu muka sauke allurar tare.

Da ya fara, ban gane shi ba. Na ce, "Munzali, ba shi ba ne."

"Shi ne, Mama."

Ashe sarewa ce take buɗe shi, siririya, ita kaɗai. Shekara talatin da ɗoriya ban san da ita ba, katako ba ya barinta ta wuce. Ni ƙasan kiɗan kawai na sani, gangar da wani abu mai gurnani kamar babban mukayyif na masallaci. Sai da gangar ta shigo da ɗingishinta na ce, yawwa, ga shi nan. Sai kuma murya.

"Wannan mace ce?"

"Namiji ne, Mama. Har da gemu."

"To me ya same shi?"

Rahma ta fashe da dariya tana share hawaye. Munzali ya ce haka suke waƙarsu, Turawan Ingila ne, wai irin kiɗan ana ce masa rok, amma nasu na masu dogon numfashi ne, waƙa ɗaya sai ta cinye gefe guda. Ya riƙa gaya mini labarin kaɗan kaɗan, in mai waƙar ya yi shiru ya bar makaɗa, don sukan daɗe suna abinsu ba baki.

Wai wani yaro ne a wani ƙaramin gari cikin kwari. Gefe na ɗaya garin ne, kasuwarsu, maƙerinsu, mai gasa burodi, uwarsa tana kiransa daga taga. Wannan sarewar ita ce garin, in ji Munzali, in saurara zan ji tana dawowa. Na biyu ya tafi aikin jirgin ruwa, ya yi ta yawo, ya tsufa a teku. Nan ne kiɗan yake hauka, komai yana kara lokaci ɗaya, nan nake ɗora miya. Na kasa kunne, kuma gaskiya ne, can ƙarƙashin haukan sai ga waƙar sarewar, amma wani abu ne daban yake yinta, kamar mace ɗaya ta sake zane. Na ce, "Ga ta can." Munzali ya dube ni ya ce, "Mama, ni sai da na yi shekara kafin na kama wannan."

Aka sa faifai na biyu. Mutumin ya dawo gida da furfura, ya taras an datse kogi, ruwa ya shanye garin duka. Ya hayi kwalekwale yana tuƙawa a kan rufin gidaje, yana leƙen ƙasa. Rahma ta tashi ta shiga ɗaki ta dawo. Gefen nan duk ya gaji, yana ƙas ƙas kamar ana suya. Muna cikin haka aka iso wani wuri, gangar ta ja baya, mai gurnanin ya rage shi kaɗai, sai na ga hannuna yana lalube a kan kujera. Muciya yake nema. Daidai nan allurar ta yi tsalle, ta yi tsalle, don wurin ya sha ɗagawa.

Munzali ya juya faifan. Kafin ya ɗora sai ya tsaya, ya kai shi wajen taga, ya kawo mini.

"Mama, duba."

Na duba. Wancan gefen ya yi furu-furu, duk zane. Wannan kuwa baƙi wul, yana ƙyalli, kamar yau aka sayo.

Ya ce, "Ya gaya mini bai cika kaiwa nan ba. Sai in kin tafi Makka, ko kin kwana gidan biki. Da ya koma bayan shago na ce to yanzu ai sai ka more. Ya ce ina, in an kira magariba hannunsa da kansa yake ɗagawa."

Na ce, "Magariba ai magariba ce." Ko yau aka dawo da ni kicin ɗin nan zan buga katakon. Na ce ya ba ni in ɗora.

Gefe na huɗu ba hayaniya. Ruwa ne yake bugun kwalekwale, sai sarewar ta dawo a hankali, kamar ta gaji. Mai waƙar ya daina waƙa, magana yake yi, kalma ɗaya, ya yi shiru, wani abin kiɗa ya amsa. Wata kalmar, wani ya amsa.

"Me yake cewa?"

"Sunaye ne, Mama. Ya ajiye abin tuƙi, yana kiran mutanen garin ɗaya bayan ɗaya. Maƙerin, mai burodin, abokansa."

"Suna amsawa?"

"Kiɗan ne yake amsa musu."

Ya yi ta kira. Na zauna ina ji. Ina jiran wani abu ya motsa a ƙirjina, na ce ko yau ne. Ina jin mukayyif yana hurawa, ina jin mota a ƙasa tana neman wurin tsayawa. Daga can ya kira wani suna, sarewar ta amsa, ta ja dogo, ta yanke. Allurar ta ci gaba da zagaye ba komai.

"Ta ƙarshen uwarsa ce," in ji Munzali.

"Da sunanta ya kira ta?"

"Da sunanta."

"Ya samu gidan?"

"Bai samu ba."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Mama."

Na ce to. Na ce Rahma ta kawo wa baƙo shayi. Na tashi na yi alwala, don la'asar ta kusa.

Ba zan ce muku na san kiɗa ba. Amma wanda ya haɗa abin nan ba wasa yake yi ba, ya san rashi. Kuma ɗana ya zaɓe shi tun kafin ya san me ake faɗa a ciki, tun Karantina tana tsaye, kowa yana ɗakinsa. Yadda aka yi ya sani, ban sani ba. Ban tambaye shi ba.

Ran Juma'a Abdulmohsen ya zo da buhu. Na riga na shirya. Na tura masa akwatin, na tura masa faifai na ɗaya.

"Ina ɗayan?"

"Yana wajena."

"Yaya."

Na ce, "Na ji shi jiya, daga farko har ƙarshe. Ni na ɗora allurar, na kuma gaya wa Ubangiji ni ce. Wannan da ka ɗauka ina da shi a ka, ba na bukata. Wanda na riƙe, ba akwati, ba allura, ba mai kunna shi. Ko an samu akwatin ma, mai shi ya ce ba a farawa daga tsakiya. Abin da ba ya ƙara, me za a rubuta masa?"

Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Ke da ko sunansa ba ki iya faɗa."

Na ce, "Ɗauki buhunka, za ka makara sallar la'asar."

Ya ɗauka. Munzali da ya ji labari ya ce da ya sani da ya roƙa, wai irinsa yanzu sai an tona. Na ce ya yi haƙuri. A ƙasan bene Abdulmohsen ya farfasa, daga hawa na uku ban ji ƙarar ba.

Ɗayan yana cikin kwalinsa, a saman kabad ɗina. Wani lokaci in rana ta yi sanyi nakan sa Rahma ta sauko mini da shi. Ba na yin komai da shi. In shafa gefen da ya gaji, in juya in shafa mai santsin, in ce ta mayar. Sannan in je in ɗora miya.

Yanzu Rahma take tambayata wai ko zan faɗi sunan sau ɗaya, tun da an zo ƙarshe, ita kaɗai ce a ɗakin. Na gwada. Bakina bai saba ba. Ku da kuka saba, ku da kuka yi ta kiransa daga bakin ƙofarmu cikin zafi, in kun idar da sallah ku kira shi da sunansa ku roƙa masa gafara. Allah ya sanyaya masa makwanci, ya jiƙan namu da naku. Rahma, ya isa haka, tura musu.